Kaza A Kan Dami: Ina Rabonmu A Kayan Tarihin 'Yan Sama Jannati?

Masu iya magana sun ce rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami. Da wuya a sami wata magana da ta fi wannan dacewa da halin da mu mutanen Jigawa da Kano muke ciki dangane da wani yanki na tarihinmu wanda duniya take rububinsa, tana zuba masa miliyoyin daloli, alhali mu da abin ya faru a ƙofar gidanmu ko labarinsa ba mu riƙe ba, balle kayansa. Ina nufin tarihin tafiye-tafiyen farko da ɗan'adam ya yi zuwa sararin samaniya daga 1961 zuwa 1972, da kuma kayayyakin da suka yi saura daga wancan zamani, waɗanda a yau suka zama haja mai tsada a kasuwannin gwanjo na Turai da Amurka.

Na san mai karatu zai iya cewa, to me ya haɗa kifi da kaska? Me ya haɗa manomin Farin Dutse, ko mai awon hatsi a kasuwar Sara, ko ɗalibin Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, da rigar ɗan sama jannati ko ƙurar duniyar wata? Amsar ita ce akwai haɗi, kuma haɗin yana rubuce a kundin tarihin duniya da sunan Kano, a lokacin da Gwaram da Birnin Kudu da Dutse duk suke ƙarƙashin Lardin Kano, tun kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991. Abin da nake son nunawa shi ne, muna da rabo a wannan gado, rabon yana lalacewa a hannunmu, kuma lokacin ceto shi ya kusa ƙurewa.

Bari mu fara leƙa kasuwar tukuna. A ranar 12 ga Afrilun 2011, ranar da aka cika shekara 50 cif da tashin Yuri Gagarin na Tarayyar Sobiyet, mutumin da ya fara kewaya duniya a cikin kumbo, kamfanin gwanjo na Sotheby's da ke New York ya sayar da wani tsohon kumbo samfurin Vostok a kan dala miliyan 2.9. Kumbon ko mutum bai taɓa ɗauka ba, kare da mutum-mutumi aka yi gwaji da su a cikinsa makonni kaɗan kafin tashin Gagarin. Wani attajiri ɗan Rasha ne ya saye shi, ya mayar da shi gida. A watan Yulin 2017 kamfanin ya sake sayar da wata 'yar jaka, wadda ba ta fi zabirar wanzami girma ba, wadda aka sako samfurin farko na ƙasar wata a cikinta a tafiyar Apollo 11 ta 1969, a kan dala miliyan 1.8. Haka kuma a Yulin 2022 an yi gwanjon rigar da Buzz Aldrin, abokin tafiyar Neil Armstrong, ya sa a waccan tafiya, aka sallama a kan fiye da dala miliyan 2.7, wato biliyoyin naira a kuɗinmu.

Tambayar da ta kamata mu yi ita ce, me ake saya da waɗannan maƙudan kuɗi? Domin kuwa yadin rigar Aldrin da ɗinkinta ba su kai ko kashi ɗaya cikin dubu na farashin ba. Labarin waccan jaka ya isa amsa. Shekara biyu kacal kafin a sayar da ita a kan dala miliyan 1.8, wata mata ta saye ta a gwanjon gwamnatin Amurka a kan dala 995, saboda an yi kuskure a takardunta, ba a gane ko wace jaka ce ba. Jakar ba ta sauya ba. Abin da ya sauya shi ne an tabbatar da asalinta. A ɗaya gefen kuma, babban gidan tarihi na ƙasar Holan ya shekara da shekaru yana tattalin wani dutse da aka ce daga wata aka kawo shi, har ya yi masa inshora mai tsoka, sai a 2009 bincike ya nuna ashe guntun itace ne da ya daskare ya zama dutse. Nan take darajarsa ta faɗi warwas.

Malamanmu na hadisi sun riga masu gwanjo sanin wannan ƙa'ida da ƙarnoni masu yawa: ƙarfin labari yana ga isnadinsa, wa ya ji daga wa, wa ya karɓa daga wa. Haka kayan tarihi suke. Hoto ko wasiƙa ko guntun ƙarfe da aka san wanda ya riƙe shi, da ranar, da wurin, dukiya ne. Idan silsilar ta yanke, ya koma tarkace. Wannan shi ne dalilin da ya sa batun ya zama na gaggawa a wurinmu, domin masu riƙe da isnadin namu labarin tsofaffi ne, kuma kullum raguwa suke yi.

To mene ne namu labarin? A farkon shekarun 1960, lokacin da Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Amurka, wato NASA, take shirin tura mutum ya kewaya duniya a shirinta mai suna Mercury, ta fuskanci wata matsala. Kumbon yana tafiya ne a nisan da bai wuce kilomita 160 zuwa 265 daga doron ƙasa ba, da gudun kusan kilomita 28,000 a sa'a guda, kuma rediyonsa ba ya kai wa ga tashar da ke ƙasa sai yana saitinta. Kowace tasha 'yan mintoci kaɗan take samu kafin ya ɓace mata a bayan gaɓar duniya. A lokacin babu taurarin ɗan'adam na sadarwa da za su cike giɓin, saboda haka dole aka jera tashoshin bibiya 18 a kewayen duniya, wasu a ƙasa wasu a jiragen ruwa, kamar yadda fatake suke da zango-zango a hanyar Gwanja. A watan Oktoban 1960, makonni kaɗan bayan samun mulkin kai, Nijeriya ta rattaba hannu a kan yarjejeniyar kafa ɗaya daga cikin waɗannan tashoshi a Kano. Kumbon da ya taso daga Florida yakan ratsa tekun Atlantika, ya gaisa da tashar Tsibiran Kanari, ta miƙa shi ga Kano, Kano kuma ta miƙa shi ga Zanzibar.

A ranar Talata 20 ga Fabrairun 1962, wadda ta zo daidai da tsakiyar watan azumi, a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na ɗaya, John Glenn ya zama Ba'amurke na farko da ya kewaya duniya. Sau uku ya kewaya ta cikin sa'a 4 da minti 55. Jim kaɗan bayan ƙarfe huɗu na yamma agogonmu, jama'a suna haramar la'asar, muryarsa ta sauka a tashar Kano, inda akwai mai magana da shi, da injiniya mai lura da lafiyar kumbon, da likita mai duba bugun zuciyarsa. Daga cikin abin da ya shaida musu shi ne yana hango ƙura ta turnuƙe a ƙasa, su kuma suka amsa masa da cewa ai mako guda ke nan ana fama da iska mai ƙarfi. Wato dai hazon hunturun nan da yake rufe mana Farin Dutse da Gwaram da Basirka kowace shekara, wanda yake fasa mana leɓe da dunduniya, yana cikin abubuwan farko da aka taɓa ba da rahoton ganinsu daga sararin samaniya. Tafiyar da mota take ɓata sa'a biyu tana yi daga Kano zuwa Birnin Kudu, kumbon nan bai buƙaci sakan 20 ba ya shafe ta.

Tashar ta ci gaba da aiki a sauran tafiye-tafiyen Mercury da na shirin Gemini da ya biyo baya, har zuwa 1966, bayan ma juyin juya halin 1964 ya yi awon gaba da takwararta ta Zanzibar. Gwamnatin wancan lokaci kuwa ta san darajar abin da ke hannunta. A 1963 Nijeriya ta buga kan sarki guda biyu a kan amfani da sararin samaniya ta hanyar lumana: na sisi yana ɗauke da hoton kumbon Mercury da tashar Kano, na sule da taro kuma yana ɗauke da tauraron ɗan'adam da tashar jiragen ruwa ta Legas. A ranar 23 ga Agustan shekarar ne kuma Firayim Minista Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi magana da Shugaba John Kennedy ta wayar tarho ta kan tauraron Syncom 2, karo na farko a tarihi da shugabannin gwamnatoci biyu suka yi magana ta tauraron ɗan'adam. Ɗan Bauchi ne, maƙwabcin Gwaram, yake riƙe da kan wayar a wannan ɓangare.

Yanzu sai mu tambayi kanmu, me ya rage mana daga duk wannan? Idan aka yi maganar gaskiya, abu biyu ne suka zauna a bakin jama'a. Na farko waƙar da marigayi Dokta Mamman Shata ya yi wa kumbon Apollo 11. Na biyu kuwa ciwon idon nan da muke kira afolo, wanda ya sami sunansa saboda ya ɓarke a Ghana a 1969, shekarar da aka sauka a wata. Waƙa da ciwon ido! Masu tara kan sarki a Jamus da Japan suna adana hoton tashar Kano a cikin kundayensu, suna neman ambulan da aka buga wa hatimin gidan waya na garuruwan da tashoshin suke a ranakun tashin kumbo, amma shiga kowace makarantar sakandare daga Dutse zuwa Gwaram ka tambayi ɗalibai ko malamansu na kimiyya ko sun san an taɓa yi wa ɗan sama jannati jagora daga Kano. Sai dai a dube ka a yi murmushi.

Dubi yadda wasu suka yi da nasu rabon. A daren da Glenn ya ratsa ta kan birnin Perth na Ostareliya, mutanen garin sun kunna fitilunsu domin ya hango su, ya kuma hango su ya yi godiya. Har gobe suna alfahari da laƙabin birnin haske da wannan dare ya jawo musu. Ƙaramin garin Carnarvon da ke yammacin ƙasar, wanda yawan jama'arsa bai kai na wasu gundumominmu ba, ya mayar da tarihin tsohuwar tasharsa gidan tarihi, kuma Buzz Aldrin da kansa ya je ya buɗe shi a 2012. Mutanen garin ne suka tashi suka tattaro tsofaffin na'urori da hotuna da labaran ma'aikata, ba su zauna jiran wani ya zo daga babban birni ya yi musu ba.

Akwai kuma wata amanar da ta fi wannan girma. 'Yan sama jannati 12 ne suka taka duniyar wata tsakanin 1969 da 1972, suka kwaso duwatsu da ƙasa masu nauyin kilo 382. Daga ciki Shugaba Richard Nixon ya raba wa ƙasashe 135 kyauta har sau biyu, a 1970 da 1973, kowace ƙasa da 'yar tutarta da aka kai wata aka dawo da ita, kuma Nijeriya tana cikinsu, a zamanin Janar Yakubu Gowon. Kyautar farko ƙwayoyi huɗu ne da ba su kai ƙwayar shinkafa ba, ta biyu kuma guntu ne mai nauyin giram ɗaya da 'yan kai. Abin da ya sami irin waɗannan kyaututtuka a wasu ƙasashe ya isa ishara. Na ƙasar Honduras an same shi a 1998 a hannun wani da yake neman dala miliyan 5 a kansa, sai da kotu ta shiga kafin a mayar musu. Na Malta an sace shi daga gidan tarihi a 2004. Na Ailan kuwa, bayan gobarar da ta kama ɗakin nazarin taurari a 1977, an kwashe shi tare da toka aka zubar a juji. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Haƙƙin 'yan ƙasa ne Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta fito da namu a gani, a kuma zagaya da shi jihohi, domin al'umma aka bai wa, ba wani ofis ba.

Idan wani yana ganin ɓarayi da dillalan irin wannan haja ba su san hanyar ƙasar Hausa ba, to ga misali biyu. A ranar 3 ga Oktoban 1962, ranar da Walter Schirra yake kewaya duniya a kumbon Mercury, wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo daga sama a wata gona kusa da Zagami ta ƙasar Katsina, ya kusa faɗa wa manomin da ke korar tsuntsaye. An kai shi ofishin binciken ma'adinai a Kaduna. Daga baya masana suka gano daga duniyar Mars ya zo. A yau an yanka kaso mai yawa na wannan dutse sala-sala, ana sayar da shi giram-giram a kasuwannin duniya, sunan Zagami ya shahara a bakin masu kimiyya, amma mutanen Zagami ko ƙyallinsa ba su gani. Na biyu, a watan Nuwamban 2023 an tsinci wani dutsen na Mars mai nauyin fiye da kilo 24 a Jihar Agadas ta Jamhuriyar Nijar. A watan Yulin 2025 aka yi gwanjonsa a New York a kan dala miliyan 5.3, sannan ne gwamnatin Nijar ta buɗe bincike a kan yadda ya fita daga ƙasar. Ihu bayan hari ke nan.

Mu mutanen kudancin Jigawa ya kamata mu fi kowa fahimtar wannan darasi, domin a cikin duwatsunmu ne ake da ɗaya daga cikin tsofaffin kundayen tarihi na Arewa. Zanen shanu da ke jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu a Birnin Kudu, da duwatsun nan masu amo kamar ƙararrawa idan an buga su, wasu mutane ne da ba mu san sunayensu ba suka bar mana su domin a san sun rayu. Kakanninmu sun san da su, amma sai a tsakiyar shekarun 1950 da Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu ne duniya ta ji, har suka shiga jerin kayan tarihi na ƙasa. Mutumin da ya zana saniya a jikin dutse da mutumin da ya adana safar hannun ɗan sama jannati buƙata ɗaya ce ta motsa su: kada a manta. Amma yara nawa ne daga Farin Dutse, da ke 'yar tafiya kaɗan, aka taɓa ɗauka a mota aka kai su suka ga wannan zane da idonsu?

Na san akwai masu suka, kuma sukarsu tana da nauyi. Na farko za su ce, ana fama da tsadar taki da ambaliya da yaran da ba sa zuwa makaranta, wa yake ta tsohon kan sarki? Gaskiya ne mai jin yunwa ba ya kallon hoto. Sai dai abin da ake nema a nan bai kai kuɗin kwalbati guda ba, kuma yana da alaƙa kai tsaye da matsalar ilimin da ake kuka da ita. Babban abin da yake kashe wa yaranmu gwiwa a darussan kimiyya shi ne tunanin cewa abin na wasu ne, a wata ƙasa aka yi shi, da wani harshe. Yaron da aka nuna wa hoton eriyar tashar Kano, aka karanta masa maganar da aka yi a kan hazon garinsu, aka ce masa ga lissafin da ya sa kumbo ba ya faɗowa, ya sami abin da alli da allo kaɗai ba za su ba shi ba. Gani ya kori ji. Ƙasar da ta kafa hukumar sararin samaniya a 1999, ta harba tauraronta na farko a 2003, tana buƙatar yaran Gwaram a cikin injiniyoyinta na gobe.

Na biyu za su ce, ai wannan tarihin Amurkawa ne, farfagandar yaƙin cacar baka ce tsakaninsu da Rasha, mu ƙasa kawai muka ba da aro. Babu musu siyasa ce ta tura manyan ƙasashen biyu sama. Amma tasha ba ta gina kanta. Akwai birkiloli da kafintoci da direbobi da masu gadi da kuku da akawu da masu gyaran janareta da suka yi aiki a wurin, akwai masu unguwanni da aka nemi izininsu, akwai malaman da suka yi muhawara a zaure a kan ko abin zai yiwu ko ba zai yiwu ba. Rahoton NASA ya adana abin da Bature ya faɗa, daƙiƙa bayan daƙiƙa. Abin da Bahaushe ya gani, ya ji, ya kuma faɗa, babu mai adana shi sai mu. Wanda yake da shekara 20 a 1962 yanzu ya haura 80. Kowace jana'iza ta irin waɗannan dattawa, shafi ne ya yage.

Na uku, kuma wannan ita ce suka mafi ƙarfi, za su ce gara kayan su shiga hannun attajiran waje masu kula da su, da su ruɓe a sito na gwamnati inda rufi yake yoyo. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Ko NASA kanta ta amsa a 2009 cewa an goge ainihin faya-fayen da aka naɗi saukar Apollo 11 a kansu, an sake amfani da su. Masu tara kaya don sha'awa sun ceci abubuwa da dama da hukumomi suka yi watsi da su, shi ya sa ma a 2012 Amurka ta yi doka da ta mallaka wa 'yan sama jannatin farko kayan tunawa da suka riƙe, ban da duwatsun wata. Ni ba na adawa da mutum ya tara kayan tarihi a gidansa, hasali ma ina fata attajiranmu su koyi wannan ɗabi'a. Abin da nake ƙi shi ne kaya ya fita babu rajista, babu hoto, babu kwafi, a kan kuɗin cefanen kwana biyu. Maganin sito mai yoyo shi ne a gyara rufin.

Saboda haka ga abin da nake ganin ya kamata a yi. Da farko, sassan nazarin tarihi na Jami'ar Bayero da Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa su tura ɗalibai su nemo dattawan da suka yi aiki a tashar ko suka zauna kusa da ita, su naɗi muryoyinsu, su ɗauki hoton duk wata takardar shaida ko katin aiki da ke hannunsu. Wayar hannu kaɗai ta isa wannan aiki. A kuma bincika tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo da fayilolin Lardin Kano da ke Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna. Na biyu, Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano ta kafa allo a filin da tashar ta zauna, a kuma ware kusurwa guda a Gidan Makama. Rubutacciyar hirar Glenn da Kano tana nan a intanet kyauta, abin da ya rage a fassara ta da Hausa.

Na uku, Gwamnatin Jigawa ta haɗa hannu da hukumar tarayya mai kula da zanen duwatsun Birnin Kudu a samar da ɗaki guda da zai ɗauko labarin tun daga zanen saniya har zuwa kumbo, sannan a haɗa akwatin baje koli da za a riƙa zagayawa da shi makarantun Farin Dutse da Gwaram da Sara da sauran garuruwa. Kan sarkin 1963 ba shi da tsada a kasuwar masu tarawa. Ɗan kasuwa guda zai iya sayo wa kowace makarantar sakandare ta ƙaramar hukumarsa. Na huɗu, wakilanmu a Majalisar Tarayya su dubi dokar kayan tarihi ta 1979, wadda ta fi ba da ƙarfi ga abin da aka ƙera kafin 1918. Kayan zamanin Sardauna da Tafawa Ɓalewa su ma sun tsufa, sun cancanci kariya, haka ma duwatsun da suke faɗowa daga sama.

Na ƙarshe kuma, wanda ya fi duka muhimmanci, yana wuyan kowane magidanci. Mun san abin da yake faruwa ranar rabon gado: a ƙidaya gona da shanu da tufafi, a raba, sai adakar takardun mamaci a tura ta bayan ɗaki, gara ta ci rabi, damina ta jiƙa rabi, abin da ya tsira ya ƙare a hannun mai ƙosai ko mai tsire. Tsofaffin ƙarafa kuwa 'yan gwangwan su auna a kilo. Don Allah kafin a zubar a duba. A rubuta suna da shekara da wuri a bayan kowane hoto tun mai bayanin yana da rai. A sa takardu a leda, a ɗaga su daga ƙasa. Idan baƙo ya zo yana tayin wani tsohon abu da farashin da ya ba ka mamaki, to ka sani ya san abin da ba ka sani ba. Nemi shawarar masana kafin ka sallama.

Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya, sun kuma ce da tsohuwar zuma ake magani. Al'ummar da ta bari baƙi suka fi ta sanin abin da ya faru a bayan garinta, wata rana sai ta sayi tarihinta da tsada a hannunsu, in ma sun yarda su sayar. Damin yana ƙarƙashinmu, dattawan da suka san inda bakin igiyar yake kuma ba su ƙare ba tukuna. Allah Ya ba shugabanninmu ikon kulawa, Ya ba mu ikon riƙe amanar na baya domin na gaba, amin.